Kifin Talaka Ya Koma Abincin Kifin Kiwo

A watan Mayun 2017, mutanen Gunjur, wani garin masunta da ke kudancin gaɓar tekun Gambiya, suka wayi gari suka tarar ruwan fadamar Bolong Fenyo ya rine ya koma ja, matattun kifaye da ƙaguwa suna yawo a samansa. Nan take zargi ya faɗa kan wata masana'antar 'yan ƙasar Sin da aka buɗe a bakin ruwan a 2016. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta kai ƙara kotu, daga baya aka sasanta a waje a kan dala 25,000, masana'anta ta ci gaba da aikinta.

Aikin nata shi ne sayen ɗanyen kifi tuli-tuli, a dafa, a matse mai, a busar da sauran a niƙa ya zama gari. Sai an narkar da kilo huɗu zuwa biyar na kifi kafin a samu kilo ɗaya na garin. Daga nan a loda buhuna a jirgi zuwa Sin da Turkiyya da Turai, inda za a ciyar da kaji da aladu da kifin kiwo masu tsada. Kifin da ake niƙawa kuwa ɗan ƙaramin nan ne mai yawan ƙaya da maiƙo, dangin wanda ake sawa a gwangwani, wanda Wolofawa ke kira yaboy. Shi ne naman talaka tun daga Muritaniya har Gini.

Allah Ya yi wa wannan gaɓa baiwa. Iskar da ke kaɗawa daga arewa tana ture ruwan sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da abincin da ƙananan halittu ke rayuwa a kai, kifi ya bi su garke-garke. Shi ya sa aka daɗe ana ɗauka cewa yaboy ba ya ƙarewa. Yanzu shekaru ke nan masanan hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna nanata cewa ana kama shi fiye da yadda yake hayayyafa, suna ba da shawarar a rage sun sosai.

Masu neman kare kansu sukan ɗora laifin a kan ɗumamar yanayi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ruwan ya ƙara ɗumi, kuma an lura garken kifin yana ƙara matsawa arewa wajen Maroko. Manyan jiragen su na ƙasashen waje ma sun daɗe suna ɓarna, wasunsu da tutar Senegal a sama alhali masu su suna wata nahiya. Su kansu masuntan gida ba su fita ba. Kwale-kwale sun yi yawa, injuna sun ƙara ƙarfi, kuma har yau ana ganin ragar roba mai ƙananan idanu wadda doka ta hana, mai kwashe kifi tun bai kai ga yin ƙwai ba.

Duk da haka, a ganina masana'antar garin kifi ce ta sauya lissafin gaba ɗaya. Da can kasuwa ce ke taka wa su birki. In kifi ya yi yawa a bakin ruwa farashi ya faɗi, masunci ya san gobe ba sai ya fita da asuba ba, domin cikin mutane yana da iyaka, ƙarfin matan da ke banda ma yana da iyaka. Inji ba ya ƙoshi. Ba ruwansa da girman kifi, ba ruwansa da ko ya fara lalacewa, kuma yana biya nan take a kan duk abin da aka kawo. A Nuwadibu da ke arewacin Muritaniya, kafin 2010 masana'antun ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Cikin shekara goma suka kai gomomi, har aka kawo jiragen Turkiyya masu jan taru domin su riƙa cika musu rumbu. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sama da tan rabin miliyan na irin wannan kifi ake kwashewa duk shekara daga yankin domin gari da mai, abin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33.

Waɗanda suka fara ji a jikinsu mata ne. A Joal da Mbour, a gaɓar Senegal, dubban mata ne ke rayuwa da sarrafa yaboy. Sukan shimfiɗa kifin a jere, su rufe da kara su cinna wuta, in ya huce su cire kai da fata, su barbaɗa gishiri, su baza a kan gadajen itace ya sha rana. Wannan busasshen kifi manyan motoci ke ɗauka zuwa Mali da Burkina Faso, ya shiga miyar mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Mace mai ɗan jarinta ba za ta iya yin takara da wakilin masana'anta a bakin kwale-kwale ba. Ta sayi kaɗan da tsada ko ta koma gida hannu rabbana, kuma masu ɗaukar kaya da masu sayar da gishiri da itace duk su rasa na ranar. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: ana kiran sana'ar zuba jari, alhali injin da ke ɗaukar ma'aikata kaɗan ne ya kashe wa ɗimbin iyaye mata hanyar abinci. Mu ma da ke nesa da teku ba mu tsira daga sarƙar ba, tunda abincin da ake zuba wa tarwada a kududdufan kiwo a Najeriya akwai garin kifi a cikinsa.

A Gana salon ɓarnar daban ne. Can manyan jirage ne suka riƙa kama ƙananan kifayen da ba a ba su lasisinsu ba, su daskarar da su, su sayar wa manyan kwale-kwale a tsakiyar teku, a sauke a Elmina. Ana kiran cinikin saiko, kuma ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta ya kai kusan tan 100,000 a 2017. Tarayyar Turai ta ba ƙasar katin gargaɗi kan haramtaccen su a 2021.

Sai kuma matasa. Saurayin da ya tashi a unguwar masunta ta Guet Ndar a Senegal ba shi da gadon da ya wuce sanin ruwa. In ya kwana biyu a teku ya dawo bai mayar da kuɗin mai ba, kwale-kwalen ya fi kawo kuɗi in aka cika shi da mutane zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500. A 2024 sama da mutum 46,000 ne suka sauka a tsibiran. Ba duka masunta ba ne, da yawa 'yan Mali ne da rikici ya koro, amma jiragen na masunta ne, matuƙan ma haka, kuma akwai waɗanda suka tashi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Gwamnatin shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye ta wallafa sunayen jiragen da ke da lasisin su a ruwan Senegal a watan Mayun 2024, kuma a Nuwamban shekarar yarjejeniyar su da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba. Masunta sun yi murna, sai dai jiragen Turai na waccan yarjejeniya galibi manyan kifayen tsakiyar teku suke nema, ba yaboy ba. Shi yaboy garke ɗaya ne da ke kai-komo tsakanin ruwan Gambiya da Senegal da Muritaniya bisa lokacin shekara, kuma kowace ƙasa tana ba da lasisinta ita kaɗai, tana tsoron in ta sassauta maƙwabciya ta kwashe. Akwai hukumar haɗin gwiwa kan harkar su mai ofis a Dakar, amma ƙasashen ba su ba ta ikon yanka wa kowa rabonsa ba, ballantana ta hana niƙa kifin da mutane ke nema su ci.