Taswirar Tsargiya a Fadamar Haɗeja: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Tsargiya, wato fitsarin jini, cuta ce mai zama wuri guda. Ƙauyen da ke bakin gulbi sai ka tarar yaransa da yawa na fama da ita, alhali na kan tudu, tafiyar 'yan kilomita, ba su ma san ta ba. Dalili kuwa shi ne tsutsar da ke haddasa ta ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar da ke cikin fitsarin ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, bayan 'yan makonni ta fito ta huda fatar mai wanka ko masunci ko mai dashen shinkafa. Inda babu katantanwar, babu yaɗuwa.

Ƙasar Haɗeja kuwa ta yi wa katantanwar nan daɗi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wuraren da a da sukan ƙafe da rani suka koma riƙe ruwa kusan duk shekara. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta wajen Guri da Kirikasamma, ga kuma magudanan noman rani na Auyo. Ruwa kwantacce mai ciyawa shi ne gidan katantanwar.

A nan taswira ke shigowa. Ma'aikatan lafiya kan je makarantu su karɓi fitsarin yara a gwada, sannan su ɗauki lambar wurin da na'urar GPS. A kwamfuta sai a ɗora sakamakon a kan hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna gulbi da kududdufai da gonaki, nan da nan a ga inda cutar ta yi sansani. Da wannan ake yanke shawarar rabon magani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce duk al'ummar da masu cutar suka kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa maganin praziquantel duk shekara, daga ɗan shekara biyu zuwa sama.

Sai dai a ganina taswirar da ta tsaya kan ƙaramar hukuma tana iya yaudara. In aka gwada makarantu biyar aka fitar da matsakaicin lissafi, rugar da ke tsakiyar fadama sai ta ɓace a cikinsa. Almajirai da 'ya'yan masunta da na makiyaya, waɗanda suka fi kowa shiga ruwa, galibi ba sa cikin ajin ranar gwaji. Ambaliya irin ta 2020 da 2022 ma kan sauya makwancin ruwa, ta bar tsohuwar taswira a baya. Dole a sauko da aikin zuwa mazaɓa da ƙauye, a riƙa sabunta shi.

Iyaye, jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. In aka bar shi yakan jawo ƙarancin jini, ya lalata mafitsara da ƙoda. Ku kai shi asibiti, kuma in masu rabon magani sun zo, a tabbata ya ci abinci kafin ya sha.