Damina Ta Kama: Mu Kare Wutar Babur Daga Ruwa

A nan Fashaga, daga watan Yuni zuwa Oktoba, ruwa kan mai da baƙar ƙasar nan taɓo, koramu su cika, kogin Atbara da na Setit su kumbura. A irin wannan lokaci babur ne ke kai maras lafiya asibiti, shi ke zuwa kasuwar Shuwak, da shi wasunmu ke ciyar da gida. Kayan gyara kuma sun yi tsada tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Shi ya sa muka ga ya dace mu tunatar da juna, domin rigakafi ya fi magani.

Me ruwa ke ɓatawa?

Babur ba ya tashi sai filogi ya ba da tartsatsi a cikin inji. Wutar tana bi ta akwatin CDI da kwayil, ta shiga filogi ta hularsa ta roba. Idan hular ta tsage ko ta jiƙe, wutar sai ta bi ruwan ta zurare jikin inji, babur ya riƙa shaƙewa ko ya mutu. Ruwan taɓo kuma yana kwanciya a mahaɗar wayoyi, ya kawo tsatsa. Yau lafiya lau, bayan mako biyu fitila ta ƙi kamawa.

Kafin a fita

A duba hular filogi. In ta tsage a canja, kuɗinta bai kai na kwayil ba.

A goge kawunan batir, a ɗaure su tamau, sannan a shafa musu giris ko basilin kaɗan.

Duk wayar da ta goge a naɗe ta da salatif na wuta, a ɗaure ta sama, nesa da taya da salansa.

Kada a naɗe abin cajin batir, wato ragileta, da leda. Zafi yake yi, iska yake bukata.

In fis ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Waya ko takardar sigari a gurbinsa na iya ƙona wayoyin duka.

Da dare a kafe babur a kan tudu, a sa katako ko dutse ƙarƙashin jak, a rufe shi da tamfol, amma a bar ƙasa a buɗe don iska ta ratsa. Kada a shigar da shi cikin tanti, saboda fetur da wutar girki ba sa zama wuri ɗaya, ga kuma yara.

Idan babur ya faɗa ruwa

Nan ne aka fi yin asara. Da an ɗaga shi, ƙafa sai ta tafi kan kik. Mu daure, kada mu buga. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga inji aka tilasta, sandar fistin na iya lanƙwashewa, ƙaramin gyara ya koma sauke inji.

A kashe makulli, a turo shi tudu, a cire wayar batir, a fara da mai alamar (-). A kwance filogi, a buga kik sau da yawa har ruwa ya daina fitowa ta ramin. A tsiyaye kafireto, a shanya soson iyakilina, a buɗe mahaɗar wayoyi su sha rana. A duba baƙin mai: in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai an yi juye kafin a tayar.

Rai ya fi babur

Idan korama na gudu, ko ba ma ganin ƙasanta, mu jira ta sauka. Wanda bai da kayan kwance-kwance, ya tura wurin bakanike. Masu karatu, don Allah a karanta wa maƙwabta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya.