Jini a aswaki: ciwon dasashi ne

Mutane da yawa suna ganin jini a aswaki da safe, su ce ba komi. Alhali dasashi mai lafiya ba ya jini.

Ga mafarin ciwon. Bayan cin tuwo ko shan fura, dauɗa tana maƙalewa a gindin haƙori. Ƙwayoyin cuta suna zama cikinta. In ba a goge ta ba, sai ta daskare kamar dutse. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, baki ya yi wari. In abin ya daɗe, ƙashin da ke riƙe haƙori ya zaizaye, haƙori ya yi girgiɗi, ya faɗi. Taba da ciwon sukari suna ƙara shi.

Dauɗar da ta daskare, aswaki ba ya fidda ta. Sai lokotoron haƙori. Yana auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi da siririn ƙarfe, sannan ya kankare dauɗar. A gida, a goge haƙora safe da dare, ko da suna jini.

Yara ƴan shekara 2 zuwa 6 su ne abin tsoro, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Gyambon dasashinsu yana iya zama cutar noma, mai cin kunci cikin ƴan kwanaki. Uwa ta riƙa buɗa bakin ɗanta tana dubawa. In ga jini da wari, ko kunci ya kumbura, a kai shi likita ranar nan. Da wuri, magani yana tsai da ita.