"Ban Da Rumbun Bayanai": Layin Da Za Ku Duba Kafin Ku Biya Kuɗin Saba



Watan da ya wuce shugaban wata ƙungiyar manoma a Kibiya ya biyo ni har Rano da takardar farashi a hannu. Suna son sayen saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke jingina da ita, don adana sunayen mambobi da bashin taki. Ya ce, "Ɗana, duba mana kafin mu biya." A can ƙasan takardar na ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe: kuɗin bai haɗa da rumbun bayanai ba. Na ce, "Baba, a dakata tukuna."

Ga dalili. Saba na buƙatar manhaja iri biyu. Ta farko ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows Server ko Linux. Ta biyu ita ce rumbun bayanai, inda sunaye da lissafi ke zama. Kamar ka kama hayar shago ne: kuɗin shago daban, kuɗin kantar jera kaya daban.

Mu fara da Windows Server na Microsoft. Tun fitowar na 2016, ana lissafa lasisinsa da yawan ƙwayoyin aiki da ke cikin furosesa, kuma ko naka ba su kai ba, sai ka biya na 16. Na Standard ya haura dala 1,000, yana ba ka damar raba na'urar ka kunna Windows biyu a cikinta. Na Datacenter ya haura dala 6,000, shi ba iyaka. Ba a gama ba fa. Duk mutum ko na'urar da za ta shiga sabar sai an saya mata izini, wanda ake kira CAL. Kuma duk wannan bai ba ka SQL Server ba, rumbun bayanan Microsoft ɗin. Shi ma da nasa lasisin. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kun san yadda farashin dala ke ƙona aljihu.

Sai Linux. Ubuntu da Debian kyauta ake sauke su, ba CAL, ba ƙirga ƙwaya. Ubuntu mai alamar LTS na samun gyaran tsaro na shekara 5 ba ko sisi. Red Hat kuwa kuɗin shekara-shekara ake biya, don samun sabuntawa da taimakon kamfanin. Rumbun bayanai ma akwai na kyauta masu ƙarfi: PostgreSQL da MariaDB. Kai, ko a Windows akwai SQL Server Express kyauta, sai dai na 2022 ba ya wuce gigabait 10 a kowane rumbu.

To amma kar ku ce na ce Linux ba ya cin kuɗi. Kuɗinsa yana wurin mutum. In sabar ta tsaya ranar rabon taki, wa zai tashe ta? In sai an kira wani daga Kano, ai wannan ma kuɗi ne. Sannan ku duba ranar ƙarewar tallafi. Windows Server 2012 an daina gyara shi a Oktoban 2023, CentOS 7 kuma a ƙarshen Yunin 2024. Wanda ya ɗora maka su yau, ya bar maka ƙofa ba sakata.

Na rubuta wa Baba tambayoyi huɗu ya kai wa mai kayan. Wane rumbun bayanai manhajarku ke buƙata, kuma nawa ne? Mutum nawa za su shiga, an saka CAL ɗinsu? Lasisin da sunan ƙungiya yake ko da sunanka? Yaushe tallafinsa zai ƙare? Da amsa ta dawo, sai ga shi manhajar tana aiki da PostgreSQL. Suka zaɓi Ubuntu, rarar kuɗin suka ware don sola da horar da matasa biyu daga cikin 'ya'yan mambobi.

Ku da kuka yi karatu, iyayenmu ku suke kawo wa irin waɗannan takardu. Ku karanta har ƙasa. Duk mai tambaya ya ajiye ta a ƙarƙashin wannan rubutu, zan amsa a shiri na gaba. Sai mun haɗu, in sha Allah.