Bango Biyu, Labari Ɗaya: Yadda Ake Kama Hannun Edita

'Yan makaranta na Yelwa da Wara da Shanga, bari mu fara da tambaya. Yaushe rabon da ku ga sunan yankinku da manyan haruffa a shafin farko na jarida ko a bangon mujalla? Da yawanku za ku tuna da shekarar 2021. Ranar Laraba 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da fasinjoji daga jihar Neja ya tarwatse a kan hanyarsa ta zuwa Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Kwana 22 bayan nan, ranar 17 ga Yuni, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai da malamai. A makonnin nan duniya ta koyi rubuta sunan Yauri. Albasar da ake lodi zuwa Kudu, da kifin tafki, da tseren kwale-kwale na bikin Rigata, ba kasafai suke samun wannan matsayi ba.

Ba ƙorafi muka zo yi ba, domin abubuwan nan biyu sun faru, kuma sun cancanci shafin farko. Abin da muke so ku lura da shi shi ne, bango ba ya haɗa kansa. Mu da muke wannan aiki mun san yadda ake yi. Labarai sun fi ashirin a gaban edita, hotuna sun fi haka, amma gurbin babban kanu ɗaya ne. Wani ne zai zauna ya ce wannan hoton, ba wancan ba. Wannan kalmar, ba waccan ba. Idan bango ɗaya kawai ke hannunku, da wuya ku ga wannan zaɓin, sai ku ɗauka yadda aka nuna ɗin haka abin yake, babu wata hanya. Sai kun ajiye biyu gefe da gefe, na rana ɗaya a kan labari ɗaya, sannan hannun edita zai fito fili. Wannan shi ne abin da masu nazarin kafafen yaɗa labarai ke koya wa ɗalibansu tun a darasin farko.

Misalin da malaman wannan fanni suka fi kawowa daga Amurka yake. A watan Yunin 1994 'yan sanda suka kama wani shahararren ɗan wasa baƙar fata, O.J. Simpson, bisa zargin kisan kai. Manyan mujallu biyu na ƙasar, Time da Newsweek, suka sa hotonsa a bango a mako guda, kuma hoto ɗaya ne tak, wanda 'yan sanda suka ɗauka. Newsweek ta buga shi yadda yake. Time ta ba wani mai zane ya taɓa shi, fuskar ta ƙara duhu, ta fito da kamar abin tsoro, alhali ko shari'a ba a fara ba. Da Time kaɗai ta fito a makon, ƙila da ba wanda ya lura. Amma a teburin mai sayar da jarida mujallun biyu suna jere, kowa ya ga bambancin da idonsa. Aka yi ca a kan Time, har editanta ya rubuta wa masu karatu bayani yana nuna nadama.

To mu dawo gida da wannan ido. Ku ɗauki labarin jirgin Wara. Tun ranar farko alƙaluman suka rabu: wasu rahotanni suka ce mutum 160 ne a ciki, wasu suka ce 180. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin kasuwa a tafkin Kainji ya san dalili, don ba kowane lokaci ake rubuta sunan mai shiga ba, ga goyo, ga wanda ya faɗo ciki ana shirin tashi. Saboda haka idan kun samu shafukan farko biyu na washegarin ranar, ku fara da adadi. Wanne kowace ta ɗauka? Daga bakin wa, jami'in hukumar kula da hanyoyin ruwa ko shugaban ƙaramar hukuma ko wanda ya tsira? Ta rubuta "sun mutu" ko "ana fargabar sun mutu" ko "sun ɓace"? A wajen mai wucewa duk ɗaya ne. A wajen matar da ke zaune a bakin gaɓa tana jiran a fito mata da ɗanta, tsakanin waɗannan kalmomi akwai tazara mai nisa.

Daga nan sai hoto, kuma a nan muke so ku daɗe. Wa ke cikinsa? Masu ninƙaya da masunta da suka yini suna nema a ruwa, ko wani babban mutum da ya zo jaje? An ɗauke shi daga nesa, mutane sun zama ɗigo-ɗigo a bakin ruwa, ko daga kusa har ana ganin hawaye? Akwai ma tambayar da ku kuka fi editan Abuja ko Legas iya amsawa: shin hoton na nan ne kuwa? Jarida kan rasa wakili a kusa, sai ta ɗauko tsohon hoton wani jirgi a wani kogi ta sa. Mai gaskiya takan rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa tsohon hoto ne. Yaron da ya tashi a gungu kallo ɗaya zai yi wa ƙirar jirgin da shigar mutanen ya ce wannan ba ruwanmu ba ne. Ilimi ne wannan, kada ku raina shi.

Labarin Birnin Yauri kuma darasinsa na kalma ne. Waɗanda suka kai harin, wata jarida za ta kira su 'yan bindiga, wata 'yan fashin daji, wata 'yan ta'adda. Ba wasa da harshe ba ne. A watan Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin a matsayin na ta'addanci, gwamnati ta buga hakan a hukumance a Janairun 2022. Kun ga ke nan kwanan watan da ke saman bango yana cikin abin dubawa. Sai batun fuskokin yara. A ra'ayinmu, bangon da ya baje fuskar ɗalibar da aka sako domin a sayi kwafi ya ci da haƙƙinta, ko da kowane harafi na kanun gaskiya ne. Ita za ta koma cikin mutane, mujallar kuma mako mai zuwa ta koma wani labarin.

Wani zai ce, ai mu a garinmu ba ma ganin mujalla. Gaskiya ne ba ta zuwa kamar da. Amma jaridu da yawa suna sa hoton shafinsu na farko a Facebook kowace safiya, kuma wayar malami ko ta yaya ta isa a kwafo guda biyu. Tsofaffin kwafi ma suna nan a ɗakin karatun makaranta, ko wajen kawun da ba ya zubar da takarda, kai har wajen mai tsire idan kun riga shi. Ku dai kula da abin da kuke haɗawa. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, da jaridar Aminiya ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Wanda ya tuhumi Fim don ta sa fuskar jaruma a bango bai gane masu sayenta ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce, wa ake so ya tsaya ya zaro kuɗi, kuma da me ake jan sa? Wannan ba sabon abu ba ne. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, kuɗinta na cikin sunanta: Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Gargaɗi ɗaya: mun sha ganin wanda ya koyi wannan dabara sai ya koma cewa duk jaridu ƙarya suke yi. Wannan lalaci ne. Sau da yawa bangon biyu duk gaskiya suka faɗa, kowanne ya ɗauki ɓangaren da ya ga ya fi nauyi. Aikinku shi ne ku nuna me aka ɗauka, me aka bari, ku kawo hujja daga kan takardar.

Ga aikin wannan mako, kuma daga tarihinku muka ɗauko shi. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ta ba Nijeriya wutar lantarki, ta kuma tashi mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu da gungunansu, tsohon garin Bussa ya nutse a ƙarƙashin tafki. Ku rabu gida biyu a aji. Kashi na farko su zana bangon mujallar da za a sayar wa ma'aikata a Legas a wannan shekarar. Kashi na biyu su zana na wadda za a karanta wa mutanen da aka tasa daga gungu zuwa sabon matsuguni. Kowane bango ya ƙunshi suna, hoto ɗaya, babban kanu da bai wuce kalma bakwai ba, da ƙananan kanu biyu. Sharaɗin shi ne kada kowa ya rubuta abin da bai faru ba. Kashi na biyu suna da gata, don a gidaje da yawa na gaɓar tafkin har yanzu akwai kaka ko kakan da aka yi ƙaurar da shi, sai a je a gaishe shi a tambaya.

Idan kun gama, ku manna su a allo gefe da gefe, kowane kashi ya faɗi abin da ɗaya kashin ya bari a waje. Malamin da ajinsa ya yi aikin ya ɗauki hoton bangon biyu ya aiko wa wannan shafi, tare da sunan makaranta da aji.