Yadda ƙwayoyin cutar dasashi ke fakewa da sukari su yaudari garkuwar jiki

Idan aka ambaci sukari da lafiyar baki, abin da ke fara zuwa zuciyar jama'a shi ne alawa, lemon kwalba da ramin haƙori. Sai dai binciken masana a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya masu lalata dasashi suna da wata hulɗa ta dabam da sukari. Suna ƙera nasu su yi sutura da shi, suna kuma yankar wanda ke jikin ɗan'adam su ci.

Lamarin ya shafi jama'a masu ɗimbin yawa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani na damun kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Yakan fara da zubar jini yayin goge baki, ya kai ga warin baki da janyewar dasashi, daga ƙarshe ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori har lafiyayyen haƙori ya yi girgiɗi ya fita.

Ciwo biyu, masu laifi dabam-dabam

Ruɓewar haƙori da ciwon dasashi ba su da tushe ɗaya. Jagorar ruɓewar haƙori ita ce Streptococcus mutans, wadda ke sarrafa sukarin da mutum ya sha zuwa wani abu mai danƙo da take manne wa haƙori da shi, sannan ta fitar da asid mai zaizaye ɓawon haƙorin.

Masu haddasa ciwon dasashi kuwa suna zaune ne a lungun da ke tsakanin haƙori da dasashi, inda iskar oksijin ba ta isa sosai. A 1998, Sigmund Socransky da abokan aikinsa na cibiyar Forsyth, wadda a lokacin take Boston a Amurka, suka ware guda uku da aka fi samu tare a wuraren da ciwon ya yi tsanani: Porphyromonas gingivalis, Treponema denticola da wadda a yau ake kira Tannerella forsythia.

Abin mamaki shi ne, ta farkon ba ta dogara da sukarin abinci don samun kuzari. Furotin take ci, tana kuma tatsar sinadarin ayon daga jini. Shi ya sa dasashi mai kumburi da zubar jini ya zame mata gona mai albarka.

Kura da fatar akuya

A wajen masana kimiyyar sinadarai, kalmar sukari suna ce ta babban dangi, kuma wanda ake zubawa a shayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum lulluɓe take da sarƙoƙin sukari iri-iri, kuma a bakin yawancin sarƙoƙin akwai wani nau'i da ake kira asid ɗin siyalik. Yana daga cikin alamomin da garkuwar jiki ke dubawa ta bambance ɗan gida da baƙo.

Nan ne dabarar Tannerella forsythia take. Jikinta na sanye da sulke na furotin iri biyu, an kuma yi wa sulken ado da sarƙoƙin sukari masu rassa. Masana a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, waɗanda suka fayyace tsarin sarƙar, sun gano cewa a bakinta akwai wani sukari mai kama da asid ɗin siyalik na ɗan'adam. Wannan kamanni na taimaka wa ƙwayar cutar ta shige ba tare da an yi mata caa ba.

Gwajin da aka yi da ɓeraye ya ƙarfafa wannan fahimta. Da aka cire ƙarshen sarƙar, sai sojojin jiki suka fi saurin yi wa ƙwayar cutar taron dangi, ɓarnar da ta yi wa ƙashin haƙori kuma ta ragu.

Ita ma Porphyromonas gingivalis, duk da ba ta damu da cin sukari ba, da shi take ɗaure makamanta. Tana da wasu sinadarai masu aiki kamar almakashi, waɗanda ke daddatsa furotin na dasashi da na garkuwar jiki, kuma wata sarƙar sukari ce ke riƙe su a bayan jikinta. Idan aka hana ta ƙera sarƙar a ɗakin gwaje-gwaje, makaman ba sa zama a jikinta, har baƙin launin da aka san ta da shi, wanda take samu daga jinin da ta tara, yakan ɓace.

Sata daga mai gida da maƙwabta

Dukkan ƙwayoyin cutar uku suna da sinadarin da ke yanke asid ɗin siyalik daga yawu da fatar dasashi. Ga Tannerella forsythia ribar biyu ce: ta samu abinci, ta kuma tone wurin da za ta manne. Ba ta ma iya ƙera wani sukari da take buƙata don gina bangon jikinta, sai ta tsinci ɓarɓashin da sauran bakteriyar baki suka zubar. Wannan dogaro da maƙwabta na daga cikin dalilan da suka sa take bunƙasa a dattin haƙori da ya daɗe ba a kankare ba.

Ƙwayar cutar mura mai tsanani ma tana da irin wannan sinadari mai yankan asid ɗin siyalik, kuma shi ne magani irin su Tamiflu ke toshewa. Masana sun gwada irin waɗannan magunguna a kan bakteriyar dasashi a ɗakin gwaje-gwaje, da fatan samar da maganin da zai kwance wa mugayen ƙwayoyin ɗamara ba tare da kashe masu amfani ba. Aikin bai kai ga maganin da likita zai rubuta wa majiyyaci ba tukuna.

Sukarin da ke cikin jini

Akwai sukari na uku a lamarin, shi ne na jini. Tun a 1993 masanin haƙori Harald Löe ya bayyana ciwon dasashi a matsayin illa ta shida ta ciwon sukari. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, yakan manne wa furotin na jiki, ya zafafa kumburi, ya kuma jinkirta warkewar rauni. Shi ma kumburin dasashi yakan sa sarrafa sukarin jini ya yi wuya, kuma bincike ya nuna cewa yi wa dasashin magani na ɗan sauke ma'aunin sukarin masu wannan lalura.

Abin da ke hannun jama'a

Rage shan zaƙi na da muhimmanci, domin sukarin abinci ne ke ciyar da bakteriyar da ke fara shimfiɗa dattin da sauran ke fakewa a ciki. WHO ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana.

Amma hakan kaɗai bai wadatar ba, tunda masu cin dasashi na samun abincinsu daga jikin mutum. Dole a kankare dattin. A wani gwaji da Löe ya yi a ƙasar Denmak, ya kuma wallafa a 1965, masu lafiyayyen dasashi da suka daina goge baki sun samu kumburi cikin kwana 10 zuwa 21, ya kuma washe cikin kimanin mako guda bayan sun koma gogewa.

Likitocin haƙori na shawartar a goge baki sau biyu a rana, da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a kuma kai buroshin ko aswakin har gindin haƙori, a tsabtace tsakanin haƙora, a guji taba sigari. Dattin da ya riga ya daskare ya zama kamar dutse, sai a asibiti ake iya cire shi. Duk wanda dasashinsa ke zubar da jini fiye da 'yan kwanaki, musamman mai ciwon sukari, ya kamata ya ga likita tun haƙori bai fara motsi ba, domin kumburi na warkewa, amma ƙashin da ya zaizaye ba kasafai yake dawowa ba.