Ɗanki Ya Ce Ya Ga Aljanu? Fara Haska Idonsa

Uwa, a ce ɗanki ya dawo daga gidan biki a cikin gari yana sambatu, yana damƙar iska, yana cewa ga wasu masu fararen kaya suna kiransa. Abin da zai fara faɗo miki a rai shi ne ya yi gamo. Kafin a kira mai ruƙiyya, ɗauko tocila ki haska idonsa.

A aikina na jinya na sha ganin haka, kuma sau da yawa zaƙami ne, tsiron nan mai 'ya'ya masu ƙaya da ke fitowa a juji da kango. Wasu samari kan zuba shi a zoɓo.

To me ya haɗa tsiro da ganin gaibu? Ƙwaƙwalwa da sinadarai take aika saƙo. Zaƙami yana ɗauke da atirofin da sikofolamin, masu toshe hanyar ɗaya daga cikinsu, sai mutum ya dinga mafarki ido biyu.

A wasu ƙasashe kuma akwai wata laimar kwaɗi mai sinadarin silosaibin. A 2006, Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta gwada shi a kan mutum 36 ƙarƙashin kulawar likitoci. Kusan kashi biyu cikin uku suka sa abin da suka ji cikin manyan al'amura biyar na rayuwarsu. A 2012, hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a Birtaniya ya nuna sassan da ke riƙe da jin "ni ne wane" suna lafawa. Shi ya sa mutum kan ji kamar ya narke cikin halitta, lokaci ya tsaya.

Sauran kuwa daga rumbun zuciya yake fitowa. Mutanen Mazatek na Meziko sukan ga waliyyan addininsu, yaron Kano kuma aljanun da yake jin labarinsu tun yana ƙarami.

Amma zaƙami guba ne, yana kisa. Idan baƙin idon ya buɗe sosai, baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya na gudu, fitsari ya ƙi fita, ki garzaya da shi Asibitin Murtala ko mafi kusa. Kada ki ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. Ki tafi da ragowar abin da ya sha.

Addu'a kuwa, yi ta a hanya. Allah Ya shirya mana zuri'a.